Su wa ke tsaron ruwan Tarka da Majiya?

Damina ta wuce. Tabkuna sun fara janyewa. A ƙasar Azarori, cikin gundumar Madawa, yanzu ne manoma ke gyaran garake, suna dashen albasa. Yanzu ne kuma makiyaya ke gangarowa daga arewa da bisashensu. Kowa ruwa yake nema. Shi ya sa filin nan na wannan wata ya tsaya a kan tsabtar ruwa, da ƙungiyoyin da ke aikin tsaronsa.

Azarori ba ta da kogi mai gudu rani da damina. Amma ƙasar Adar cike take da ƙoramu. In an yi ruwan sama, sai su kwaso ruwa daga kan duwatsu su zuba a kwari. Kwarin Tarka ya bi ta Madawa, ya shiga Najeriya, ya haɗu da gulbin Rima. Majiya ta taso daga wajen Buza, ta bi ta ƙasar Ƙwanni, ta ƙare a tabkin Kalmalo kusa da Illela. Keita ma tana da nata kwari. A cikin fadamun nan ruwa ba shi da nisa. A wurare da yawa, in an yi gina kaɗan sai a tarar da shi. Wannan arziki ne babba. Amma abin da aka zuba a bisa ƙasa, shi ma ba ya daɗewa yake isa ga ruwan rijiya.

Tabki ɗaya, mutum huɗu

A duba tabki guda cikin yini guda. Da safe manomi ya gama feshin albasa. Ya zo bakin tabki ya wanke famfon feshi, ya jefar da kwalbar magani cikin haki. Da hantsi makiyayi ya kawo shanu da awaki suka sha. Da azahar yaro ya shiga wanka. Da la'asar mace ta zo da tulu, don rijiya ta yi mata nisa.

A cikin mutanen nan babu mai mugun nufi. Amma abin da na farko ya zuba, shi sauran suka sha. In akuya ta mutu, makiyayi zai zargi manomi. In yaro ya kwanta, kuɗin albasa zai tafi wajen magani. Daga nan sai gaba ta shiga tsakanin mutanen da suka gaji zama tare tun kaka da kakanni.

Abubuwa huɗu masu ɓata ruwa

Na farko, maganin ƙwari da maganin haki. Wani ana sayar da shi a kasuwa cikin ƙananan kwalabe, ba suna, ba takarda, kamar wanda ake kira piya-piya. Gubarsa ba ta sake kamannin ruwa. Ruwa yana nan garau, amma da cuta a ciki.

Na biyu, bayan gida a fili da mushe. Ruwan farko na damina yana share su, ya kai tabki. Ta nan ake samun zawo, da ciwon amai da zawo wanda ya shiga jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa a shekarar 2021. Fitsarin mai tsargiya kuwa, in ya shiga ruwan kwance, shi ke yaɗa ciwon ga yara masu wanka.

Na uku, leda da shara, da ruwan rini, da ruwan jima, da jinin mahauta, da baƙin man injin ban ruwa. Leda tana toshe hanyar ruwa. Bisa ta ci, ta cushe mata ciki, ta rame har ta mutu.

Na huɗu, rairai da laka. Mutane ba su cika lissafa su cikin dauɗa ba. Amma in tudu ya zama fako, ruwa yana kwasar ƙasa ya cika tabki da madatsar ruwa. Madatsun Mozage da Ibohaman sun rage ɗaukar ruwa saboda haka.

Masu yaƙi da waɗannan abubuwa suna da yawa. Ba aikinsu ɗaya ba. Manomi ya kan ji sunayensu a rediyo, ya kan ga motocinsu, amma bai san wa ke yin me ba. Ana iya kasa su kashi biyar.

Kashi na 1: ƙungiyoyin ƙasashe

Ruwa bai san iyaka ba. Saboda haka ƙasashen da ke shan ruwa guda suka kafa ƙungiyoyi tare.

Babbar cikinsu ita ce hukumar kogin Isa, wadda ake kira ABN. An kafa ta a 1980, ta gaji wata hukuma ta 1964. Cibiyarta tana Yamai. Ƙasashe 9 ne a ciki: Nijar, Najeriya, Mali, Gine, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Kamaru da Cadi. A 2008 suka amince da wata yarjejeniya ta ruwa, wadda ta ce kada wata ƙasa ta cuci ƴar'uwarta ta hanyar ruwa. Maganar ta shafi mutumin Madawa. Gulbin Rima, inda Tarka ke zuba, yana haɗuwa da gulbin Sakkwato, su tafi tare su faɗa kogin Isa.

Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971. A 1990, a Maiduguri, ƙasashen biyu suka sa hannu a kan rabon ruwan da suka haɗa. Majiya tana cikin takardar, tare da gulbin Maraɗi, da El Fadama, da Komadugu Yobe.

Ta uku ita ce CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel da aka kafa a 1973, lokacin babban fari. Ita ta kafa wani kwamiti a Bamako a 1994 mai binciken maganin ƙwari. Maganin da kwamitin ya yarda da shi, ana ba shi lamba, a buga a jikin kwalba.

Aikin waɗannan ƙungiyoyi shi ne awon ruwa, da shirya dokoki, da sasanta ƙasashe. Aiki ne mai amfani. Amma ma'aikacin da ke zaune a Yamai ba zai ga kwalbar da aka jefa a tabkin Azarori ba.

Kashi na 2: ma'aikatun gwamnati

Gwamnati ita ke da doka. A 2010 Nijar ta yi dokar ruwa. Dokar ta ce ruwa dukiyar kowa ne, kuma wanda ya ɓata shi, shi zai biya. A 2014 aka yi dokar hana shigo da leda maras kauri da sayar da ita. Tun 1993 kuma akwai dokar karkara, wadda ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, a gunduma, da komin, da ƙauye. Su ke shata burtali da mashaya, don kada gona ta toshe wa bisashe hanyar ruwa.

Masu aiki da dokokin nan suna nan kusa, a Madawa da Buza da Keita. Ma'aikatar ruwa ita ke kula da rijiyoyi da famfuna, ita ke iya ɗibar ruwa a kai awo. Ma'aikatan gandun daji su ke tsaron itatuwa, da tabkuna, da kifi. Ma'aikatar gona tana da sashen kare shuke-shuke, shi ya horar da ƴan feshi na ƙauyuka. Ma'aikatar kiwo tana duba bisashe da nama. Gidan likita yana da malamin tsabta. Ofishin magajin gari shi ke da alhakin shara da kasuwa da mahauta.

Sai dai ma'aikata kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi. Dokar leda ta shekara fiye da 10, amma har yanzu leda na rataye a kan ƙaya bayan kowane gari. Doka ba ta da ƙafa. Sai mutane sun ɗauke ta sun kai ta bakin tabki.

Kashi na 3: furoje da ƙungiyoyin agaji

Waɗannan su ke zuwa da kuɗi, da motoci, da masana. Ƙasar Adar ta san su sarai.

A 1975 ƙungiyar CARE, tare da ma'aikatan gandun daji da mutanen ƙauyuka, ta fara dashen dogon yaro layi-layi a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza. Itatuwan suka tare iska, suka riƙe ƙasa. Tsawon layukan ya kai ɗaruruwan kilomita.

A 1984 aka buɗe furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM. An jera duwatsu a kan tudu, an gina ramuka masu tare ruwa, an datse ƙoramu. Cikin shekara kusan 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an raya ƙasa fiye da hekta 30,000. Mata ne suka fi yawa a wajen aikin, don maza da yawa sun tafi bida. Su suka ɗauki duwatsu a ka, ana biyansu da abinci. Amfanin aikin ga ruwa a bayyane yake. Ruwan da aka tare a tudu yana shiga ƙasa a hankali. Ba ya gangarowa da laka ya cika kwari.

A ƙasar Madawa kuma an yi furojen Tarka da kuɗin ƙasashen Turai. Shi ya yawaita ƙananan rijiyoyin tiyo da injin ban ruwa a garake. Noman albasa ya bunƙasa. Amma da garake suka yawaita, taki na zamani da maganin ƙwari ma sun yawaita a bisa ruwan da ke kusa.

Akwai kuma ƙungiyoyin da ke zuwa in ɓarna ta riga ta auku. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, masu neman zinariya suna niƙa duwatsu a cikin gidaje. Duwatsun suna da gubar dalma. Ƙurar ta shiga ƙasa da tabkuna. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar waɗanda suka rage, wasu kuma suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa. Sun ceci rayuka da yawa. Amma waɗanda suka riga suka tafi, ba mai maido su.

Furoje yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. In kuɗi ya ƙare, motoci su tafi, allo ya yi tsatsa a bakin hanya. Inda mutane suka ɗauki aikin nasu ne, yana nan. Inda suka ce na furoje ne, ya lalace.

Kashi na 4: ƙungiyoyin manoma da makiyaya

Waɗannan na masu sana'a ne da kansu. Dattawa suna tune da UNCC, wadda ta fara shirya ƙungiyoyin gama kai tun 1962. A filayen ban ruwa irin na Ƙwanni, da Galmi, da Ibohaman, manoma suna da ƙungiyoyi masu aiki tare da ONAHA, hukumar da aka kafa a 1978. Su ke yashe hanyoyin ruwa, su ke raba shi. Masu albasa suna da ANFO. Makiyaya suna da AREN tun 1990, mai kare burtali da mashaya. Akwai kuma RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohi. Ma'aikatanta sun zaga kasuwanni sun rubuta sunayen magungunan ƙwari da ake sayarwa. Sun tarar da yawa daga ciki ba su da izinin kwamitin Bamako. Sun kuma shirya bayani da Hausa a kan yadda ake feshi.

Ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne sayayya tare. Manomi guda yana sayen abin da ya tarar a faifan ɗan kasuwa. Amma manoma 50 in suka haɗa kuɗi, suna iya aikawa a sayo magani mai lamba daga wurin mai izini. Suna iya ware mutum biyu da aka horar su riƙa yi wa kowa feshi. Suna iya tara kwalaben da suka ƙare wuri guda. Kuma in shugaban manoma da shugaban makiyaya suka zauna tun kafin rani, ba a kai ga sanda.

Kashi na 5: ƙungiyar gari

Ita ce ƙarama, ita ce kuma ba ta tashi. Akwai kwamitin rijiya ko na famfo. Akwai Kofo ta ƙauye. Akwai ƙungiyoyin mata irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, suka bazu ko'ina. Akwai matasa, jikokin samariya ta zamanin Janar Seyni Kunce, wadda ta kan share gari da gayya. A bisa su duka akwai maigari, da hakimi, da shugaban rugga, da liman.

Waɗannan ba su da mota, ba su da ofis. Amma su suka san wanda ya wanke famfo a tabki. Su suka san inda aka yar da mushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Azarori, inda Hausawa da Buzaye da Fulani ke shan ruwa guda, maganar da aka yanke gaban shugabanninsu duka ta fi takardar da ta zo daga nesa ƙarfi.

Abin da kurkunu ya koyar

Wani zai ce aikin ya fi ƙarfin talaka. To, a tuna da kurkunu. Dattawa sun san shi. Yana kwantar da manomi daidai lokacin noma, gona ta cika da haki. A ƙidayar 1991 an samu mutum fiye da 30,000 masu kurkunu a Nijar. Ciwon ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Daga ruwan tabki ake shan shi.

Ƙungiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da UNICEF, da hukumar lafiya ta duniya suka kawo kuɗi da ƙyallen tace ruwa. Ma'aikatar lafiya ta horar da mutane. A kowane ƙauye aka zaɓi mutum guda mai rubuta sunan wanda ya kamu. Mata suka riƙa tace ruwa kullum. Masu gari suka hana mai kurkunu sa ƙafa cikin tabki. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa babu sauran kurkunu a Nijar.

Da babu ƙyalle, da mata ba su samu abin tacewa ba. Da mata ba su tace ba, da ƙyallen ya ruɓe cikin akwati. Kowa ya riƙe nasa gefe, jinka ta hau. Sai dai a lura: ƙyalle yana tare ƙwaron kurkunu, amma ba ya tare gubar maganin feshi. Tafasa ruwa ma ba a dogara da shi ga guba. Maganinta guda ne: kada ta shiga ruwan tun farko.

Wace ƙofa za a buga?

In an ga kifi ko kwaɗi sun mutu a tabki, a hana shan ruwan nan take. A gaya wa maigari, a aika wa ma'aikatan gandun daji.

In bisashe suka sha ruwa suka faɗi, a kira malamin kiwo. Kada a feɗe, kada a ci. A binne mushe da zurfi, nesa da ruwa.

In mutum biyu ko uku suka kamu da amai da zawo lokaci guda, a kai su gidan likita ba tare da jira ba, a faɗi ruwan da suka sha.

In ruwan rijiya ya sake ɗanɗano ko wari, kwamitin rijiya ya rubuta wa ma'aikatar ruwa.

In garka ta ci mashaya ko burtali, maganar ta Kofo ce.

In ana shakkar wani magani, a kai kwalbar wurin malamin gona kafin a buɗe ta.

Abin da kowa zai iya yi da hannunsa

Manomi ya duba jikin kwalba kafin ya saya. Ya nemi lambar izini. Ya duba launin da ke gindin takardar. Ja, guba ce mai tsanani ƙwarai. Rawaya, mai haɗari. Shuɗi, a yi hankali. Kore ya fi sauƙi, amma shi ma ba abin wasa ba ne. In kwalba ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan cikin famfon feshi, a fesa a gona. Sa'an nan a huda ta, don kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. Kada a wanke famfo a tabki ko a bakin rijiya. A ɗebi ruwa a guga, a tafi nesa.

Makiyayi ya ware wurin shan bisashe dabam da wurin ɗibar ruwan gida. Magidanci ya gina salga nesa da rijiya, ta gefen gangare. Masu rini da majema su gina rami na zuba ruwansu, nesa da rijiya da hanyar ƙorama. Kafin ruwan farko, gari ya yi gayya ya kwashe shara daga bakin ƙorama.

A nan ne karatu ke da rana. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci yana iya karanta lambar da ke jikin kwalba. Yana iya riƙe littafin kwamiti. Yana iya rubuta takarda, ya sa rana, da wuri, da yawan bisashen da suka mutu. Ƙarar baki tana ɓacewa a hanya. Takarda kuwa tana isa ofis, kuma ana iya komawa a tambayi amsarta.

Ƙungiyoyin nesa suna da doka da awo. Furoje yana da kuɗi na ɗan lokaci. Gari shi ke kwana da ruwan, shi ke tashi da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Garin da ya shirya kwamitinsa, in ma'aikaci ya zo zai tarar da abokin aiki. Garin da bai shirya ba, ko furoje goma suka zo, tabkinsa zai koma yadda yake.

Tambayoyi don tattaunawa a makaranta

1. Tabki nawa da rijiya nawa ke cikin garin? Su wa ke sha a kowane?
2. Ina ake zubar da kwalaben magani in sun ƙare?
3. Akwai kwamitin ruwa? Akwai mace a ciki? Akwai makiyayi?
4. Yaushe kwamitin ya yi zamansa na ƙarshe, kuma wa ya rubuta abin da aka yanke?

Makarantar da ta tattauna, ta rubuto amsarta zuwa ga jarida ta hannun malaminta. Allah ya ba da rani mai albarka, ya kiyaye mutane da bisashe.